Ranar da Motar Malam Ta Riƙe Min Hannu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin nan ba, kuma ko ni na manta, mutanen layinmu a Limawa ba za su bari ba. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka 'yata Hauwa ce ke rubutawa ina faɗa mata. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta wanke ni. Gara a ji daga wurina, domin yadda maƙwabciyata Maman Yakubu ke ba da labarin a Kasuwar Kure, an kai inda wai kaina ne ya maƙale.

Malam, mijina, Allah ya jiƙansa, ya rasu bara cikin azumi, bayan shekara arba'in da uku muna tare. Ya bar mana mota, jif baƙa, tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar Turawa, wadda ya saya lokacin da ya bar aikin jirgin ƙasa. Har yau in na ji an tayar da ita da safe sai gabana ya faɗi, in ɗauka shi ne zai leƙo ya ce, "Hajiya, ana jiranki, ko sai an aiko da kalangu?" (Dakata, Hauwa. Miƙo min bakin mayafin nan. To, ci gaba.) Yanzu motar tana hannun babban ɗana. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba, ku dai ce Dakta kamar yadda ake ce masa a jami'a can Gidan Kwano inda yake koyarwa. Gida ɗaya muke da shi da matarsa Zainab da yaransu.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba kafin ranar. Shekara tara da suka wuce, muna dawowa daga Bida, wata tankar mai ta baro hannunta ta nufo mu. Malam ya kauce, muka faɗa gonar wani bawan Allah, muka tsaya a tsakiyar kunyoyin doya. Ko ƙwarzane ba mu yi ba, amma tsoro ya shige ni. Tun daga ranar, duk babbar motar da na hango sai in cafke hannun Malam, shi kuma ya ce, "Sakar min, Hajiya, da shi nake tuƙi."

A wajen wani suna wata ƙawata ta raɗa min labarin wani tsoho a bayan kasuwa. Na ɗauki kwando kamar mai zuwa cefane, na je, na dawo da laya ƙarama kamar kwalin ashana, ɗinke da jar fata. Tsohon ya ce in sa ta daidai inda nake zama, inda ido ba zai gani ba. A gaban kujerata akwai ɗan akwatin nan da ake ajiye takardun mota. Na buɗe shi, na ga wata kafa ta sama, na tura layar da bakin ludayi har na ji ta faɗa can baya, tuk. Daga ranar hankalina ya kwanta. Tanka ta zo ta wuce, ni ina cin gyaɗata.

Matsalar ita ce Malam da laya ba sa ga maciji. Dakta kuwa ya gaji ubansa har ya ƙara da nasa. Ni kuma in ana maganar a tsakar gida, muryata ta fi ta kowa tashi. "Jahilci ne," in ji ni, ina gyaɗa kai. Kai, lokacin da Zainab ta haifi ɗanta na fari, uwarta ta aiko da wata 'yar laya a ɗaura wa jaririn, ni ce nan na tsaya a kanta na yi mata wa'azi har ta yi hawaye. (Rubuta, Hauwa. Na ce kada ki wanke ni.)

Wata uku da suka wuce, da yamma, na ga Dakta ya sunkuya a gaban gilashin motar yana haska wani lungu da wayarsa, yana karanto baƙaƙe da lambobi ɗaya bayan ɗaya, Zainab tana dannawa a tata wayar. Na ce me ake nema? Ya ce wani abokin aikinsa ne ya ce duk mai irin motar nan ya duba. Wai kowace mota tana da lambarta ta haihuwa a kusurwar gilashi, in ka sa ta a shafin kamfanin da ya ƙera motar, zai gaya maka ko an gano wani aibi a irinta. Ban gama zama ba Zainab ta ce, "Innalillahi. Tana ciki."

Dakta ya yi min bayani a hankali, irin yadda yake wa ɗalibansa marasa ƙoƙari. Ya ce a gaban kujerar mai zaman gaba akwai wata jakar iska a naɗe, wadda in an yi karo take kumbura ta tare mutum kada ya bugu. To ƙarfen da ke hura ta ne aka gano yana lalacewa da zafi da raɓa, maimakon ya hura sai ya tarwatse ya feso wa mutum gutsattsarin ƙarfe a fuska. Kamfani ya ce a kawo su canza, kyauta.

"Kyauta?" na ce. "A ƙasar nan? Su da suka sayar wa wani bature, bature ya gaji ya sayar mana, yanzu ne suka tuna da mu?"

"Laifinsu ne, Inna, dole su gyara. Na yi magana da wakilinsu na Abuja, ma'aikatansu suna zuwa wani gareji nan hanyar Bida duk Asabar. Kafin nan ba mai zama a gaba."

Ya ɗauko kwalin littattafai ya ɗora a kujerata, ya ja bel ya ɗaure shi kamar mutum. Ni dai ina kallo. Sai na tambaya, kamar abin bai dame ni ba, ta ina ake bi a kai ga wannan jaka? Ya ƙwanƙwasa ɗan akwatin takardu ya ce, "Nan za su cire gaba ɗaya."

Jama'a, tuwon daren ranar bai wuce min ba. Na hango layata ta faɗo a gaban Dakta, ana kuma zuwa a gaya wa Zainab.

Asabar ta farko na ce motar marigayi ce, ba za a farke min ita kamar buhun masara ba. Na yi kuka. Kukan rabinsa na gaskiya ne, domin da na ambaci Malam ba sai na nemo hawaye ba. Dakta ya ɗage kai motar. Asabar ta biyu makulli ya ɓata. Aka juye gidan nan kaf, ni ma ina taya su nema har da ɗaga tabarma, alhali yana cikin kwanon daddawata. Da ya bayyana ranar Lahadi, Zainab ta shinshina shi ta dube ni, ta je ta rataye shi a ƙusa. Yarinyar tana da tarbiyya.

Ranar Juma'a ta uku Dakta ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Inna, na san abin da motar nan take a wurinki. Amma jiya na tarar da yara sun sauke kwalin suna faɗan wa zai zauna a gaba. Gobe ƙarfe goma zan kai ta. Ki yi haƙuri, wannan karon ba zan ɗage ba."

Na ji kunya ƙwarai, har na buɗe baki zan faɗi gaskiya. Sai wata dabara ta zo min, kuma ni in dabara ta zo min ba na tsayawa duba ta. Na ce a raina, abin da ludayi ya tura ai hannu zai ciro.

Da safe, ina jin Dakta ya shiga wanka, na zare makulli daga ƙusa na fita ƙofar gida inda ake ajiye motar. Na buɗe ƙofa, na durƙusa a ƙasa, rabina a ciki rabina a titi. Na buɗe akwatin, na kwashe takardu, na cusa hannun dama ta kafar nan. Ya shiga har wuyan hannu. Na lalubo, na lalubo, sai kan ɗan yatsana ya taɓa fata. Wallahi na taɓa ta! Na ce saura ƙiris. Na yi bismilla na ƙara turawa, sai na ji awarwarona na azurfa ya haye wani ƙarfe, ƙas.

Na ja, bai zo ba. Na tura, bai tafi ba. Na murɗa, sai hannu ya fara kumbura.

Ina cikin wannan hali na ji murya a bayana. "Hajiya! Sallah ne ka ke yi a cikin mota?"

Maman Yakubu ce. Bagwariya ce, shekara talatin katanga ɗaya ta raba mu, ita ke kawo min shinkafar Kirsimeti ni in kai mata naman layya, kuma kowa namiji ne a bakinta. Na ce mata a hankali ɗan kunnena ne ya faɗa, ta rufa min asiri ta taimake ni. Ta sunkuyo ta duba kunnen dama, ta zagaya ta duba na hagu.

"Ga biyu a kunnenka. Kunne uku ne da kai?"

Duk da haka ta taimaka, irin taimakonta. Ta kawo sabulu da ruwa ta tsiyaya ta kafar, bai yi ba. Ta kawo man gyaɗa, bai yi ba. Sai ta ce ta san abin da ba ya faɗuwa, ta ruga gida ta dawo da kwanon kuɓewa da ta kaɗa don miyar rana. Ta yi ta ɗura min har yauƙi yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a kan tabarmar mota. Sannan ta kama ƙuguna ta ce, "In na ce uku ka saki numfashi," ta ja. Ihun da na yi shi ya tara layin.

Mai ƙosai ta baro kaskonta. Masu keke napep biyu suka tsaya, fasinjojinsu suka sauko. Wani ya ce a kira 'yan kwana-kwana, wani ya ce a samo zarto, ban san ko awarwaron yake nufi ko hannun ba. Ni kuma ba na ganin kowa, fuskata na manne da gaban mota, abin da jama'a ke gani nawa kuwa ba fuska ba ce.

Sai ga Dakta da tawul a wuya. Na ɗauka zai yi faɗa. Ko tambayar me nake nema bai yi ba. Ya dubi inda kumatuna yake kwance, na ji muryarsa ta canza.

"Inna, kada ki motsa. Don Allah kada ki sake ja. Kowa ya matsa baya!"

A nan ne na tuna a kan me na kwantar da fuskata. Mako uku ana gaya min abin yana feso ƙarfe, ni kuma na zo na kafa masa kunci, an kuma yi masa wanka da kuɓewa. Duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Dakta ya buga waya garejin. Bayan kamar rabin awa keke napep ta tsaya, na ji an ce ga injiniya. Na zaci ƙaton namiji zan gani, sai wata mace ta leƙo ta ƙofar direba da rigar aiki da akwatin sifana, ta ce sunanta Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna ce. Ta gaishe ni da ladabi, kamar a kan kujera ta same ni.

"Mama, ina kwana? Yaya gajiya? Kada ki damu, motar a kashe take, kuma yanzu zan cire batir. Amma akwai wata waya ruwan ɗorawa kusa da yatsunki, ita kaɗai ce ba na so ki gaisa da ita."

Ta cire batir, ta ce sai mun ɗan jira tukuna kafin ta taɓa komai. Ta zauna a kujerar Malam tana ɗebe min kewa.

"Mama, a aikin nan na ciro ɓera a bayan akwatin nan, na ciro cokali, sau ɗaya har ƙadangare da ƙwansa. Amma kaka, yau na fara."

Na ce, "'Yar nan, ki yi aikinki, in na fita ma yi hira."

Ta kwance sukurori ɗaya bayan ɗaya, ta ce in saki jiki, ta ɗaga akwatin gaba ɗaya. Hannuna ya zamo ya fito da kansa, sulɓi kamar tarwaɗa. Jama'a suka yi kabbara, wasu suka tafa. Ban gama cewa alhamdulillahi ba, sai wani abu ja ya biyo baya ya faɗo kan tabarmar mota, yana ƙyalli da yauƙi.

Allah ya yi wa Rifkatu albarka. Ta gani, ta gane, ta yi wuf ta jefa tsumman hannunta a kai. Da ita kaɗai ta gani da na tsira. Amma Maman Yakubu tana bisa kafaɗata.

"Yauwa!" ta ce da ƙarfi. "Ga ɗan kunne ya fito!"

Dakta ya ɗaga tsumman ya ɗauki layar da yatsu biyu. Na ɗaga ido sai muka haɗa da Zainab, tana tsaye a bakin ƙofa da goyo, ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

"Inna," in ji Dakta, "wannan ta waye?"

Ko a nan ban tuba ba. Na ce, "Wa ya sani? Ƙila ta baturen da ya fara hawa motar ce."

"Baturen bayan kasuwa," in ji Maman Yakubu.

Dakta bai yi dariya ba. Yana jujjuya abin, sai ya ce gefe ɗaya ɗinkin dukawa ne, ɗaya gefen kuwa an farke an sake ɗinkewa da baƙin zare, ɗinki karkatacce kamar na makaho. Ya karɓi reza wurin Rifkatu ya yanke zaren. Abin da ya fito ba irin takardar tsohon ba ce. Fallen littafin makaranta ne mai layi-layi, a naɗe cikin leda. Ya warware, ya duba, sai na ga ya nemi jikin mota ya jingina.

"Rubutun Baba ne," ya ce.

Na ce ya karanta. Ya ce mu shiga ciki. Na ce, "Karanta a nan, me ya rage da ba su gani ba?"

Hauwa, ɗauko takardar ki kwafa daidai, kada ki canza masa ko kalma ɗaya.

"Hajiya, salamu alaikum. Na zo canza matatar esi na tarar da baƙon da kika ɗauko mana ba ki gaya min ba. Na sallame shi. Rigarsa kawai na mayar miki don hankalinki ya zauna a kwance, domin na lura tun da kika sa shi kin daina kama min hannu in tanka ta taho. Gaskiya na fi son lokacin da kike kamawa. Ki riƙa ɗaura bel ba sai na yi magana ba. Allah ne mai tsarewa. Duk wanda ya tsinci takardar nan ya karanta mata, ba ta iya karatu ba, amma a ganinta ta fi ni wayo."

Dakta bai kai ƙarshe da muryarsa daidai ba. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa, hannu duk kuɓewa, ina kuka ina dariya, ban san wanne ya fi yawa ba. Muryar Malam ce sak, har da yadda yake ɗage gira in zai tsokane ni. Maman Yakubu ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Wannan mutum! Wannan mutum!" Mai ƙosai ma ta share ido, sannan ta tuna da kaskonta ta ruga, an ce duk sun ƙone. (Bari in sha ruwa. A'a, ba komai, daɗi ne.)

Rifkatu ta nuna min inda matatar take, wadda ke tace iskar sanyin motar, daidai inda layar ta kwanta. Ta ce duk mai kula da motarsa yana buɗe wurin nan a kai a kai. Malam kuwa da hannunsa yake wa motarsa komai. Wato ko wata shida asirina bai yi ba. Sauran shekarun duk ina zaune ina taƙama da wasiƙar mijina ban sani ba, shi kuma yana gefe yana tuƙi yana kallona ina cin gyaɗa.

Aka goge motar aka kai gareji. Da la'asar Dakta ya dawo da ita an sa sabon ƙarfe, ya nuna min hoton tsohon a waya, domin Rifkatu ta ce kamfani za a mayar wa. Wani ɗan abu ne kamar gwangwanin madara. Na daɗe ina kallonsa. Ni da nake leƙen tanka daga nesa, ashe abin tsoron yana tsakanina da gilashi, kuma jikokina sun ƙara mako biyu da shi saboda ni.

Na kira Zainab ɗakina na ce ta yafe min wa'azin nan na shekarun baya. Ta durƙusa ta ce, "Haba Inna, ba komai." Da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo ta ce, "Inna, yau miyar me za a yi? Akwai kuɓewa." Ta fita da gudu kafin takalmina ya same ta.

Abin da na koya, ga shi, a gaya wa masu mota. In aka ce ku duba lambar nan ta kusurwar gilashi, ku duba, in kamfani ya ce ku kawo, ku kai a makon. In kuma tsohuwar gidan ta fara kuka da ɓatar da makulli, ku lallashe ta, amma ku tambaye ta me ta ajiye a ciki. Ku kuma 'yan'uwana mata, duk wadda ke murna ta ɓoye wa mijinta abu shekara da shekaru bai gane ba, ta ƙara duban fuskarsa da kyau tun yana raye. Wataƙila dariya yake dannewa.